Ramuka Uku a Tagar Zahiru

Masu albasa na bakin tasha suna cewa Zahiru mai taga ba shi amsa kira sai an yi na biyu, ba don kurumta ba, don in shina awo ba shi son a raba mishi hankali. Matan lungunmu sun ce tun da ya buɗe rumfa a Malanville ba a taɓa jin dariyarshi ta tsallaka titi ba. Gwaggo Maijidda, ƙanwar Babana, ita cewa ta yi in anka ajiye shi a zaure tare da turmi, sai an taɓa kowane kamin a gane wanne ne baƙon. Babana kuwa, Alhaji Arziki, a da abu guda shike faɗi a kanshi: "Yaron ga hannunai na da tsabta."

A da ke nan. Tun da damina ta sauka bana, magana guda ta rage a bakin mutane: tagar Zahiru tana yoyo. Kuma ba ta tashi yin yoyon a ko'ina ba sai a gidan da shike neman aure, a ɗakina, ni Munawwara.

'Yan uwa, bari in ɗan koma da ku baya, don ku san abin da tagar nan take a wajena.

Inna ta rasu ina da shekara goma. Daga ranar ni ce tukunya, ni ce wanki, ni ce mai kai wa Baba abinci kasuwa. Sunan mahaifiyarshi gare ni, shi ya sa ba shi kirana sai da "Uwata". Sai da na cika ashirin da biyu na fara zuwa ajin mata bayan la'asar, ina riƙe alli kamar muciya. A can Zahiru ya gan ni, ranar da ya zo sa wa ajin gilashi, ina tsaye ina harhaɗa baƙaƙen da ke jikin akwatin kayan aikinshi. Bai yi dariya ba. Juyo mini akwatin ya yi don in gani da kyau, ya ci gaba da aikinshi.

Da ya samu lambata, saƙon murya ya fara aikowa kamar kowa. Na ce mishi shi rubuta, ina son hannuna da idona su saba. Tun ranar bai sake aiko murya ba. Saƙonshi gajere ne kamar maganarshi. "Kin ci abinci?" "Hadari na gabas, ki kwashe shanya." Ni kuwa sai in zauna bakin gado in karanta kowane sau uku.

Da bazara manyanshi sunka ƙetaro kogi daga Gaya ta Nijar cikin jirgin ruwa, da goro da ƙaramin akwati shuɗi: turmi biyu na atamfa, mayafi ruwan toka, takalmi, turare. Anka sa rana bayan an yanke shinkafa.

A lokacin ne Baba ya ce in koma ɗakin bulo da Yaya Mustapha ya gina ya bari, aiki ya ɗauke shi zuwa Kandi. Ɗaki mai kyau, sai dai wajen taga rami ne kawai, an toshe shi da tsohon kwano. Zahiru ya roƙi Baba shi bar shi shi sa taga, kyauta. Kwana biyu ya yi a kanta, ɗakin ba kowa ba komai. Alminiyam ce fara, gilashi biyu masu gudu a cikin kwari, raga ta sauro daga waje, sannan sandunan ƙarfe. Tana kallon gabas, tana kallon lungu. Da na tare na rataya mata labule mai furen rawaya, na ɗauki hoto na aika mishi. Ya rubuto: "Labulen ya hi tagar kyau." Abin dariya mafi tsawo da ya taɓa yi mini ke nan.

Baba da ya ga ɗakin ya fi ko'ina bushewa, sai ya kawo irin albasarshi. Duk wanda ya san Baba ya san irin nan. Shekara da shekaru shi ke zaɓen uwayen albasa da kanshi, shi bar su su yi fure, shi sussuka, shi sheƙe. Manoman Garou tun kamin ruwa ya sauka suke zuwa su kama suna, kowa da mudun da anka yi mishi alkawari, don in damina ta ja baya su zuba reno. Jaka shida ne na farin zane, anka jera su kan katako a ƙarƙashin tagar don su sha iska.

"Uwata, ga amana," in ji Baba.

Ruwan farko mai ƙarfi ya same ni a kasuwa, na kai abinci. Munka fake a rumfa har ya ɗauke. Da na dawo na buɗe ɗaki, sai na ga bangon ƙasan taga ya yi duhu, ruwa ya bi shi layi-layi ya sauka kan jakunkunan. Huɗu sun jiƙe sharkaf. Munka baza a tabarma, amma kwana uku rana ba ta fito ba. Irin ya dunƙule, ya yi furfura, ya fara wari.

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Bai yi faɗa da ni ba, ko kallon banza. Hula ya sa ya nufi rumfar Zahiru, a gaban masu albasa da masu kabu-kabu ya faɗi abin da ya faɗa. Ban je ba, amma kamin magariba an kawo mini shi kashi-kashi.

Zahiru ya zo washegari. Ga inda abin ya ƙulle: tun da na tare a ɗakin, ba shi da hanyar shiga. Mai neman aure ba shi wuce zaure, balle ɗakin wadda shike nema. Daga lungu ya tsaya, Baba na bisa kanshi. Ya ga wata 'yar tsaga tsakanin shafe da jikin taga, ya cika ta da mastik, danƙon da suke liƙe taga da shi, ya tafi. Ruwa ya dawo, bango ya sake jiƙewa. Baba ya kirawo magini ya lafta siminti ya zagaye tagar har ta koma kamar ido mai kumburi. Ruwa ya dawo, bango ya jiƙe.

Daga nan Baba ya aika a ce wa Zahiru kada shi sake zuwa zance.

Gwaggo Maijidda ta tattaro ta dawo gidanmu, wai don ta taya ni zama. Tana zaune bisa gadona, ɗaurin ɗankwalinta kamar za shi biki, tana ɓarar gyaɗa tana zuba ɓawon a faifaina.

"Ke dai kin ga ikon Allah. Gidan surukai na hwa. Nan aka yin aikin da ya hi kowane. In nan yay yi haka, gidan wasu mi shika yi?"

Na kwashe ɓawon daga faifan.

"Mutum biyu sun hwasa aiki wurinai, kin ji? Har mai gidan saman bakin duwan, wajen 'yan kwastan. Ke kuma kina nan kina shahwa waya kamar kyanwa."

Mako uku ke nan. Ajin ma na daina zuwa, don in na shiga sai hira ta mutu. In na gama aikin gida sai in zauna ƙasa in jingina da bangon da ke fuskantar tagar, in yi ta kallon tabon ruwa. Da la'asar lungunmu na cika da mutane masu dawowa daga fadama, kekuna da buhunan ciyawa, mata da kifi a kai. Da, a cikin wannan hayaniya nike tsinto ƙarar babur ɗinshi. Yanzu sai in ji kowane babur ya zo ya wuce. Saƙo ma ya ɗauke. Na san dalili, ba shi son shi saɓa wa Baba ko ta waya. Sanin dalili bai rage mini komai ba.

Ranar wata Talata da hantsi waya ta yi motsi a ƙarƙashin matashi.

"Ki roƙa mini Baba abu guda. In tsaya lungu da buta, ke ki tsaya ciki. Ba ni shiga."

Na jira Baba ya gama cin tuwo, na durƙusa na faɗa mishi. Ya daɗe shina wanke hannu.

"Da buta?"

"Haka yac ce, Baba."

Gwaggo ta kece da dariya. "Bar shi shi zo, Yaya. Ruwan Allah bai ishe mu ba, bari a ƙaro na buta."

Ina jin don maginin ma ya kasa ne Baba ya yarda.

Ya zo Alhamis bayan azahar, rana tsaka, ba ko gajimare. Ta raga na hango shi shina kwance jarka biyu daga bayan babur. Rigar aikinshi ce shuɗiya, amma an wanke an goge. Ya rame. Akwai tsumma ɗaure a babban yatsanshi, gilashi ya yanke shi. Baba ya sa an fito mishi da kujera lungu ya zauna, hannu bisa sanda. Maƙwabta sunka fara leƙowa. Ni ina ciki da mayafina, Gwaggo bisa gado.

Bai gaishe ni da suna ba. Ya ce, "Na ciki, ina wuni."

"Lahiya lau."

"A cire labule. A share bangon shi bushe. In akwai toka, a barbaɗa ƙasan taga daga wanga gehe zuwa wancan, a bakin inda ƙarhe yah haɗu da bango."

Na ɗebo toka a murhu na barbaɗa.

"Duk inda tokar ta hwara baƙi, a hwaɗa mini. Ko ɗigo guda."

Ya fara daga ƙasa can, bangon da ke ƙarƙashin tagar, shina zubawa a hankali kamar mai yi wa tsoho alwala. Ya tsaya. Ya duba agogon waya. Munka yi ta jira.

Gwaggo ta ɗaga murya. "Kai, shuka kaka yi ko gyara?"

"In na hwara daga sama, Gwaggo, ko'ina za shi jiƙe, ba mu sanin ta inda yas shiga. Na ciki, akwai wani abu?"

"Babu."

Ya hau kan dakalin tagar. Ya jira. Babu. Ya zuba gefen hagu, daga ƙasa zuwa sama, taki-taki, ya jira. Ya koma dama. Tsakanin kowace zubawa shiru ne, sai kukan tantabarun maƙwabta da ƙarar ɓawon gyaɗa. Tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Ina ganin zufa na bin wuyanshi, ina jin ƙanshin sabulun rigarshi ta raga. Mako uku ban ji muryarshi ba, ga shi yau ina jinta, amma abin da ke tsakaninmu "akwai?" da "babu".

Ya taka jarka ya zuba saman tagar, inda kowa ke zargi. Ruwa ya bi siminti ya sauka lungu. Toka na nan fara.

Baba ya gyara zama. "To. Ta buta ba ta yoyo ke nan, sai ta Allah."

"Saura gilashi, Baba. Na ciki, a ruhe shi duka."

Na ja gilashin ya rufe. Ya watsa ruwa ta raga, ya bugi gilashi ya gangaro cikin kwarin da gilashin ke gudu. Ya ƙara. Sai na ga ya durƙusa, ya kawo ido daidai ƙasan tagar daga waje. Ya daɗe a haka.

"Bai hito ba," ya ce, kamar da kanshi shike.

Ni kuma ina ganin ruwan kwance cikin kwarin, ya cika shi, ba shi motsi. Can a kusurwar hagu toka ta yi baƙi. Baƙin ya faɗaɗa, ɗigo ya tsattsafo ta ƙarƙashin ƙarfen, ya kama hanyar tsohon tabon nan sak.

"Ya shigo," na ce. "Hagu."

Ya matso da baki kusa da raga, na ɗan zame gilashin don in ji.

"Cikin kwarin ga akwai ramuka ukku, ƙanana, dogaye. Guda hagu, guda tsakiya, guda dama. Ta nan ruwa ka hita waje. In babu su, kwarin cika shika yi, ruwa shi bi ta kusurwa shi shiga bango. Kina ganin su?"

'Yan uwa, a nan na gane abin da ya faru.

Ban faɗa muku wannan tun farko ba, don ni ma har zuwa wannan lokaci ban ɗauke shi komai ba. Kwana kaɗan bayan an kawo irin albasa, na ga kiyashi sun yi layi suna shigowa ta taga suna nufar jakunkunan. Na bi layin da ido, sai ga ramuka uku a cikin kwarin. Na ɗauka kuskure ne ya yi, ya huda inda bai kamata ba. Na ce in Baba ya gani, ko Gwaggo, me za su ce da aikin surukin? Tambayarshi kuma na ji nauyi, kada shi ga kamar na raina kyautarshi. Sai na kunna kyandir na ɗiga a kowane rami har ya cika, na danna da yatsa, na shafa toka a kai ya koma kalar ƙarfen. Kiyashi sunka daina zuwa. Ranar har daɗi na ji, na rufa mishi asiri ba tare da ya sani ba. Da ruwa ya shigo ma, a raina cewa na yi gara da na toshe, da abin ya fi haka.

"Na ciki? Kina ganin su?"

Gwaggo ta sauko daga gado ta tsaya bayana, tana leƙe ta kafaɗata.

"Ba ni ganin su," na ce.

Gaskiya ce, amma ban taɓa yin ƙarya mai nauyinta ba.

Ya ciro wani siririn ƙarfe daga aljihu ya zura daga waje. Ya tura, ya murɗa. Na ga ruwan ya motsa, ya fara zurarewa. Ya tara tafin hannunshi a ƙasa. Abin da ya fito tare da ruwan ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai hanci. Sannan ya ɗago. Duk yinin nan sai lokacin ya dube ni, ta cikin raga, ido cikin ido. Ba fushi a ciki. Da fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya dunƙule hannun ya sa aljihu.

Ya buɗe na biyu da na uku, ya watsa sauran ruwan jarka duka a gilashi. Ruwa ya fita ta waje tsiri uku, ciki ko ɗigo.

"Mi kag gani?" in ji Baba.

"Ramukan hitar ruwa sun toshe, Baba."

"Da mi?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na hango Baba ta gefen raga, da farin gemunshi, mutumin da shekara goma sha shida bai taɓa kama ni da laifi ba, na tuna "Uwata, ga amana". Na mayar da bakin na rufe.

"Ni ya kamata in nuna su ga mutanen gida tun ranar da nas sa ta," in ji Zahiru. "Ban yi ba. Zuwan da niy yi na hwarko ma ban duba su ba. Laihina na, Baba."

"Wato ka amsa."

"Na amsa."

Baba ya juya ga maƙwabta. "Kun dai ji." Ya tashi ya ɗauki kujerarshi da kanshi.

Da yamma ya kira ni ya ce Lahadi Zahiru zai zo shi ɗauki akwatinshi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba don irin kaɗai ba, don sakaci ne, kuma shi ba shi ba da uwarshi ga mai sakaci. Gwaggo ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ta buɗe tana duba ko komai na nan.

"Rami ukku ya gagare shi, gida za ya riƙe? Allah ya so ki, ɗiyata. Wagga atamhwa ma ba ta da wani kyau."

Juma'a da la'asar anka yi ruwa kamar da tulu, da iska daga gabas. Na zauna gaban tagar ni kaɗai. Ruwa na dukan gilashi, shina gangarowa, shina fita ta inda anka yi mishi hanya. Bangon a bushe. Tagar ba ta taɓa yin laifi ba. Na sa kai a gwiwa na yi kukan da ba na son Gwaggo ta ji.

Da ruwan ya ɗauke saƙo ya shigo.

"Ya shiga?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi."

Na jira. Na ga alamar shina rubutu, ta ɓace. Bai ce kyandir ba, bai ce don mi ba. Ni na rubuta "ka yahe mini", na tsaya ina kallon baƙaƙen. Na goge. Na sake rubutawa da bayani mai tsawo, na goge. Asabar ma haka, sau nawa ban sani ba. Daga baya na gane abin da ke hana yatsana. Shi ya riga ya sani. In na aika zai ce ba komai, magana ta mutu cikin waya tsakanina da shi. Ba a waya anka ɓata mishi suna ba, a bakin tasha ne da lungunmu, a gaban mutane. Ni kuma ina son in samu yafiya in kuma ci gaba da zama Uwar Baba marar laifi. Biyun ba su haɗuwa.

Lahadi bayan la'asar na ji babur ya tsaya. Gwaggo ta riga ta kai akwatin zaure, ta ɗaure shi da tsohon ɗankwali. Ban da Baba akwai baƙi biyu, dattawan Garou daga cikin waɗanda anka yi wa alkawarin iri, sun zo jin inda anka kwana. Baba bai sallame su ba. Ina jin so shike su gani da idonsu cewa bai ɗauki abin da wasa ba.

"Uwata, ruwa ga baƙi."

Na sa hijabi mai ruwan ƙasa, na cika kwanon sha a randa. Daga tsakar gida zuwa zaure taku ashirin ne, ruwan sai da ya zube mini a hannu sau biyu. Zahiru na durƙushe bakin ƙofa, takalmanshi a waje, kanshi ƙasa. Akwatin na gabanshi, bai taɓa ba tukun.

Na ajiye kwanon gaban baƙi. Ya kamata in tashi in koma. Ban tashi ba.

"Shiga ciki, Uwata."

"Baba, ina da magana."

Gwaggo daga bayan ƙyaure ta ce, "Ke, taho nan. Maza na zaune."

Zahiru ya ɗago da sauri, ya girgiza mini kai kaɗan, ya miƙa hannu ga akwatin. "Baba, ni zan tahi, kada jirgin Gaya..."

"Ramukan ba da kansu sunka toshe ba," na ce. "Ni nat toshe su. Da kyandir."

Ɗaya daga cikin dattawan ya mayar da kwanon ƙasa bai sha ba.

"Kiyashi nig gani suna bi ta nan suna zuwa ga iri. Na ɗauka kuskure yay yi wurin aiki, na ji tsoron ku gani ku raina shi. Ban tambayi kowa ba. Ranar Alhamis ya ga kyandir ɗin a hannunai, ya ɓoye. Ni kuma ina tsaye ina ji ya ɗauki laihin, nay yi shiru."

Baba ya juya a hankali ya dubi Zahiru. "Haka na?"

Zahiru ya sunkuya. Ya dubi tabarma.

Baba ya dawo da idonshi kaina. Na ga bakinshi ya motsa zai kira ni da sunan da ya saba, bai kira ba. Wannan ya fi mini mari zafi, amma na riga na fara, kuma saura rabi.

"Baba, irinka ni nal lalata shi, ba taga ba. Ku ma, baffannina, ni nas sa kunka rasa. In kun koma Garou, in kun bi ta tasha, don Allah ku hwaɗa yadda kunka ji."

Sannan na juya wajen ƙofa. Tun da muke ban taɓa kiran sunanshi a gabanshi ba, balle a gaban Baba. Na ɗaga murya yadda Gwaggo a bayan ƙyaure da masu wucewa a lungu za su ji.

"Zahiru, aikinka ba shi da aibi. Na zubar maka da suna, kuma na bar ka ka ɗauka kai kaɗai. Na yi maka laihi. Don Allah ka yahe mini."